Mashaƙo: Yadda yunwar ƙarfe ke sa ƙwayar cuta ta zuba dafi

Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, kuma da yawanmu mazauna waje ta waya muka riƙa jin labarin yaran da maƙogwaro ya toshe musu. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne, bakteriyar da ke haddasa cutar ba kullum take zuba dafi ba. Sai ta ji yunwa.

Yunwar kuwa ta sinadarin ƙarfe ce, irin wanda ke cikin jini. Ƙwayar tana da wani furotin mai suna DtxR, aikinsa tamkar na maigadi. Idan ƙarfe ya wadata sai ya maƙale masa, shi kuma ya zauna daram a kan sashen ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa dafin, ya hana a karanta shi. Da ƙarfe ya yi ƙaranci, sai maigadi ya tashi, ƙofa ta buɗe.

To, jikin ɗan Adam marowaci ne a wannan fanni. Yana ɗaure ƙarfensa tam don kada ƙwayoyin cuta su samu, dabarar da ke kare mu daga cututtuka da dama. A wurin mashaƙo kuwa, wannan rowar ce ke kunna ta. Dafin ya kashe naman maƙogwaro, ya bar wata fata mai ruwan toka da ke tare numfashi, sannan ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi.

Tun 1936 masanin Amurka Alwin Pappenheimer ya nuna alaƙar ƙarfe da yawan dafin. Masu haɗa rigakafi ma da yunwar suke aiki: su rage wa ƙwayar ƙarfe, su tara dafin, su karya ƙarfinsa da fomalin, hanyar da Gaston Ramon na Faransa ya samar a shekarun 1920. Shi ke cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, 10 da 14.

Kada wani ya karanta wannan ya aika kuɗi gida a sayo maganin ƙarin jini; ba ya warkar da mashaƙo. A asibiti ake ba da maganin kashe ƙwayar da allurar karya dafi, ita kuwa dafin da bai riga ya shiga nama ba kaɗai take kamawa. Shi ya sa yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya bai kamata ya kwana a gida ba.