Salatinka ba yunwa ta kashe shi ba, shaƙewa ya yi

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin matasanmu, daga Tasawa har Mayahi, wadda ta ishe ni. Za ka ga bidiyo a WhatsApp ko TikTok: bokiti cike da ruwa, murfi mai huji, salati kore shar a kai, ga wani yana ta zuba cewa wahalar gona ta ƙare, ka sa ruwa da taki kawai ka je ka kwanta. Yaro ya tara ƴan kuɗinsa, ko wansa da ke ci-rani a Agadas ko Libiya ya aiko masa, ya sayi bokitai da iri da taki. Sati biyu abu na tafiya daidai. A na uku ganye ya fara langaɓewa da tsakar rana. Ya koma wurin wanda ya sayar masa, a ce masa: "Taki ne bai isa ba, ƙara." Ya ƙara. Kafin Juma'a ta zagayo ruwa ya fara wari, salati ya kwanta. Daga nan sai a yanke hukunci: ko dai noman ruwa ƙaryar Nasara ce, ko wani ya yi wa yaron baki. Duk ba haka ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin tsamin wannan ruwan sananne ne.

Noman ruwa dai shi ne a raya shuka ba ƙasa, saiwarta na rataye cikin ruwan da aka narka wa abincinta. Ba sabon abu ba ne. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, ya fara yayata shi tun 1929, kuma abokan aikinsa Hoagland da Arnon suka fitar da ma'aunin haɗa ruwan takin a 1938. Mu ma ba laifi ba ne mu yi sha'awarsa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jahar Maraɗi, gonar gado ana ta raba ta har ta koma ƙyalle, kuma ba kowa ke da fili a Gulbin Kaba ba balle ya yi garka. Hanyar da za ta ba magidanci salati da yakuwa da na'ana'a a bayan ɗakinsa da ruwa kaɗan abin maraba ce. Matsalar ita ce rabin ilimin aka kawo mana.

Rabin da aka bari shi ne: saiwa tana numfashi. Ganye yana haɗa sukari da hasken rana, ya aika da shi ƙasa. Saiwa kuma sai ta ƙona sukarin nan da iskar oksijin kafin ta samu ƙarfin jawo abinci daga ruwa, dare da rana ba hutu. A gona ba ma lura da wannan saboda jigawarmu cike take da ƙananan kafofi masu iska. Amma duk manomin da ke da kwari a gonarsa ya san abin da ke faruwa in ruwan Agusta ya kwanta kwana uku ko huɗu: hatsin da ke wurin ya yi rawaya, ya tsumbure, alhali ƙafarsa na cikin ruwa. Masu garka a Jiratawa sun san haka game da tumatirin da aka cika wa ban ruwa. Ruwan ya toshe kafofin ƙasa, iska ta yanke. Shinkafa da bado ne ke jurewa, don Allah ya yi su da hanyoyin iska a cikin kara da ke sauka har saiwa. Salati da tumatir ba su da irin wannan baiwar.

Wani mai ɗan karatu zai ce: ai an koya mana a makaranta ruwa kansa haɗin haidurojin da oksijin ne. Gaskiya ne, amma wancan oksijin a ɗaure yake, saiwa ba ta iya ɓalle shi, kifi ma ba ya iyawa. Abin da suke shaƙa shi ne ɗan wanda ya narke cikin ruwa daga iskar sama, kuma shi ɗan mitsitsi ne. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan miligiram 280. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20, ko an cika ta iya cikawa, miligiram 9 kawai take riƙewa. Bambancin ya kai ninki talatin. Sannan oksijin yana ratsa ruwan da ke tsaye a hankali ƙwarai, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda yake ratsa iska. Don haka in saiwa ta shanye na kusa da ita, kafin wani ya gangaro daga saman bokiti ta riga ta galabaita.

Ga kuma inda zafin ƙasarmu ya shigo. Ruwa na ƙara ɗumi, oksijin na gudu daga cikinsa: a digiri 25 saura miligiram 8 da ɗoriya, a 30 kusan 7 da rabi, a 35 bai cika 7 ba. A lokaci guda kuma numfashin saiwa yana kusan ninkawa duk sa'ad da zafi ya hau da digiri 10. Buƙata na hawa, abin da ake da shi na sauka. Wanda ya ɗauki bidiyon can a Holan ko Faransa ruwansa na wajen digiri 20. Kai kuwa ka ajiye baƙin bokiti a kan siminti a Tasawa cikin Afrilu, lokacin da zafin inuwa kansa ke wuce digiri 40. Sa hannu cikin ruwan da La'asar ka ji, ya isa a yi wa jariri wanka.

Saiwar da ta rasa iska tana rufe ƙofofin da take shan ruwa da su. Shi ya sa za ka ga abin mamaki, shuka na ƙishirwa tana zaune cikin lita ashirin. In ka ƙara taki a wannan halin, ka ƙara wa ruwan gishiri ne, shan ya ƙara wuya. Kamar mutumin da aka danna wa kai cikin ruwa ne, yana neman numfashi, kai kuma kana miƙa masa ƙwaryar fura. Bayan haka sai cuta ta samu ƙofa. Akwai wata ƙwayar ruɓa da masana ke kira Pythium, wadda ke son ruwa mai ɗumi da saiwa mai rauni. Ɗaga murfi ka duba da idonka. Saiwa mai lafiya fara ce tas, da ƙananan gashi, ba ta wari. Wadda ta shaƙe ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, in ka ja ta da yatsa biyu fatar ta saɓule ta bar maka ɗan zare, ruwan kuma yana tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ina kira ga masu sayar da kayan nan da masu shirya horo na kwana ɗaya su karɓi kuɗin mutane: ku ji tsoron Allah. Wanda ya sayar wa yaro bokiti da taki bai faɗa masa zancen iska ba, sannan ya dawo da kuka ya sake sayar masa da wani takin, ya ci amana. In kai ma ba ka sani ba, je ka koya kafin ka koyar.

Yanzu abin yi. Hanya biyu ce, zaɓi ɗaya, kada ka cakuɗa su.

Ta farko ta mai injin iska ce, irin ɗan ƙaramin da masu kiwon kifi ke amfani da shi. Yana tura iska ta siririn tiyo zuwa wani ɗan dutse mai kafofi da ke ƙasan bokiti, kumfa na tashi. Ƙananan kumfa masu yawa sun fi manya amfani, kuma motsin da suke sa ruwan yi shi ma aiki ne. Injin ya kwana yana aiki, don saiwa ba ta daina numfashi da dare. Ɗora shi sama da bakin ruwa, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyo ya shiga cikinsa. Ajiye shi a inuwa, kada ya riƙa hura iska mai zafi. Dutsen kuma a riƙa cire shi ana gogewa, don gishirin taki da na ruwan rijiya yana toshe shi. In ka ga kumfa ta ragu, shi ne. Kada ka dogara da wutar layi kaɗai. Wutar yankinmu yawancinta daga Katsina take zuwa ta Gazawa, kuma kowa na tune da Agustan 2023 da aka katse ta daga Najeriya. Ƙaramin inji mai cin wat 5 bai wuce awon wat 120 a yini da kwana ba, abin da ƙaramin allon hasken rana da batir ɗaya za su ɗauka. A bazara yini ɗaya ba kumfa ya isa ya lalata aikin wata guda.

Ta biyu ita ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, ba inji ba wuta. Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ne ya shahara da ita. Ka cika mazubin sau ɗaya har ruwa ya taɓa gindin ɗan kofin da dashen ke ciki. Shuka na sha, ruwa na sauka, sarari mai laima yana buɗewa tsakanin murfi da ruwa. Saiwar sama ta koma ta shaƙar iska, ta ƙasa na bin ruwa. A nan ne mutane ke kashe shukarsu da tausayi: su ga ruwa ya ja baya, su cika bokiti har baki, su nutsar da saiwar numfashi. In dole sai ka ƙara, ƙara kaɗan, ka bar aƙalla rabin saiwar a sarari. Kowane gindin salati a ba shi lita huɗu zuwa shida tun farko, a zafinmu ma gara a yalwata. Hanyar ta fi kyau ga ganyayen da ake cirewa cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi. Tumatir mai dogon zama a bar shi sai hannu ya faɗa.

Ko wacce ka bi, sanyin ruwa shi ne rabin aikin, don inji komai ƙarfinsa ba zai sa ruwan zafi ya riƙe fiye da iyakarsa ba. Mu kuwa sanyaya ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Binne mazubin cikin ƙasa har wuya. In ba hali, naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi wa bidon ruwan sha, ko ka shafa masa farin fenti a kan baƙi. Yi rumfar zana ko ta kaba da za ta tare ranar Azahar ta bar ta hantsi. Babban mazubi ya fi ƙarami jinkirin ɗumama, saboda haka rabin tano ya fi bokiti. Kada haske ya shiga ruwan ko ta ƙaramar kafa: gansakuka za ta fito, ta ci taki da rana, ta shanye oksijin da dare. Rufewar kuma tana hana sauro yin ƙwai a tsakar gidanka.

Kada ka jiƙa kashin awaki ko na kaji ka zuba. A gona taki ne mai albarka, amma a bokiti ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su za su cinye iskar kafin saiwa ta samu. Haka nan ruwan wanke ciwo mai kumfa da wasu ke ɗigawa: amfaninsa na ɗan lokaci ne, in ya yi yawa ya ƙona saiwa. Ɗebo ruwan da moɗa a kwararo shi daga sama yana taimakawa ranar da inji ya tsaya, amma ceto ne na awoyi, ba tsari ba. Shukar da saiwarta ta riga ta yi yauƙi a cire ta, a zubar da ruwan, a wanke mazubi da tiyo sarai a shanya kafin a sake dashe.

Akwai wasu dalilan mutuwar shuka, kamar ma'aunin tsamin ruwa (pH) da ya fita daga tsakanin 5.5 da 6.5, ko amfani da takin gona na 15-15-15 da ure waɗanda ba su cika abincin da ake buƙata ba, amma waɗannan a hankali suke nuna kansu.

Mai son gwadawa ya jira Nuwamba, ya yi aikinsa cikin ɗari har Fabrairu, lokacin da ruwa ke kwana da sanyi kuma salati ba ya saurin fidda kai. Ya fara da mazubi biyu ko uku, ba ashirin ba. Ya riƙa ɗaga murfi kowace safiya yana duba launin saiwa, yana sansana ruwan. In ya ga abin da bai gane ba, ya cire shukar da saiwarta ya kai wa malamin gona na gundumarsa, ko ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna in ya shiga Maraɗi. Kuɗin da zai ƙara taki da su kuwa, ya sayi ma'aunin zafi da su, ya fi masa amfani.