Famfon Zafi Mai Bututu da Gidan da Ke Sarrafa Kansa

Duk wanda ya taɓa kai hannu bayan firji ya ji ɗumi, to ya riga ya fahimci hikimar na'urar da ake kira famfon zafi, domin ita ba ta ƙona kome don ta samar da zafi, sai dai ta kwashe shi daga wani wuri ta kai wani: da hunturu ta ɗebo ɗumi daga iskar waje, ko da ƙanƙara ake yi, ta shigo da shi ɗaka, da bazara kuwa ta juya aikinta ta fitar da shi. Lord Kelvin ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1852, falalarta kuwa ita ce da awo ɗaya na lantarki akan sami kamar awo uku na zafi. A Amurka, inda galibin gidaje suke da bututun iska a rufi ko ƙarƙashin daɓe, an fi sayen mai inji ɗaya da ke hura iska zuwa kowane ɗaki, har a 2022 cinikin famfon zafi ya zarce na injin ɗumama gida mai aiki da gas.

Mas'alar da ke rikita masu saye a yau ita ce ta 'yar na'urar nan ta jikin bango mai daidaita zafi, wadda ita ce tafinta tsakanin injin da sauran tsarin gidan, wato tsarin da ke kunna fitila, ya kulle ƙofa, ya karɓi umarni daga wayar hannu. Tsohuwar hanya ita ce siraran wayoyi masu ƙarfin bolt 24, waɗanda ba su san wata magana ba illa kunna da kashe, kuma da su ne na'urori irin su Nest da Ecobee suke aiki, shi ya sa suke shiga kusan kowane tsari ba gardama. Amma injinan zamani masu kwamfuresa mai sauya gudu, wadda ke sassautawa ko ta ƙara ƙaimi gwargwadon buƙata, da yawansu, kamar Carrier Infinity, suna magana ne da na'urar bangon kamfaninsu cikin yaren da kamfanin ya keɓe wa kansa. Idan aka sa musu baƙuwa, ko dai su ƙi aiki, ko su koma gudu ɗaya ko biyu, alhali saboda sauya gudun nan aka biya kuɗi mai yawa. A ganina maslaha ita ce a bar wa injin na'urarsa ta asali, sannan a nemi ƙofar da tsarin gidan zai bi ya yi magana da ita, kuma wajibi ne a gwada wannan ƙofa kafin a biya.

Sai a tambayi mai sayarwa: in intanet ta ɗauke, umarnin zai isa? Akwai na'urorin da saƙonsu sai ya je kwamfutocin kamfani a wata uwa duniya kafin ya dawo falo, wanda kuwa ya ga abin da ya sami masu kayan Insteon a Afrilun 2022, sa'ad da kamfanin ya rufe kwamfutocinsa ba sanarwa, ba zai ɗauki tambayar da wasa ba. Yarjejeniyar Matter, wadda ta fito a ƙarshen 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, da manhajar Home Assistant, duka suna ba da damar sarrafawa daga cikin gida.

Duk wannan nafila ce. Farilla ita ce injin ya dace da girman gidan, bisa lissafin da magina a Amurka ke kira Manual J, kuma a toshe ɓarakar bututu, tun da shirin Energy Star ya ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar yana yoyewa a gida madaidaici. A kuma yi hattara da dabarar rage ɗumi sosai da dare, domin idan tsarin ya umarci injin da asuba ya mayar da ɗumin a gurguje, sai ya kira wayoyin ɗumama na ko-ta-kwana, masu ba da awo ɗaya a kan awo ɗaya, ribar daren ta tafi cikin kuɗin wuta. Saboda haka a tabbata na'urar bangon tana bari a ƙayyade lokacin da waɗannan wayoyi za su kama.