Ƙagaggen Labarin Tarihi da Ƙuruciyar Jarumai

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi tsokaci a kan wani reshe na zube, wato ƙagaggen labarin tarihi, musamman wanda ke bibiyar shugaba tun yana ƙaramin mayaƙi. Manufata ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai inda marubuci ke da 'yanci, da inda ya wajaba ya ja linzami.

Dalilin Zaɓen Ƙuruciya

Masu rubuta tarihi sun fi mayar da hankali ga mutum bayan ya ɗaukaka, sai a bar ƙuruciyarsa da giɓi. Wannan giɓin shi ne gonar marubuci. Misali, Juliyas Kaisar na Rum, wanda aka haifa shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya halarci yaƙin garin Mitilini yana ɗan kimanin shekara 19, har aka ba shi kambin ganyen itace, ladar ceton ran ɗan ƙasarsa. Magabata sun ambaci wannan a 'yan layuka kaɗan. Tsoron da ya ji, da maganar da ya yi da abokan yaƙi, duk marubuci ne zai ƙago su.

Iyakar Marubuci

Conn Iggulden, marubuci ɗan Ingila, ya fara jerin littattafansa a kan Kaisar a 2003, inda ya mayar da Burutus abokin wasansa na yarinta, alhali Kaisar ya girme shi da kusan shekara 15. Labarin ya yi armashi, amma mai karatun da bai sani ba zai ɗauke shi gaskiya.

A adabinmu kuwa, Muhammadu Bello Kagara ya bi wata dabara a Ganɗoki, wanda ya shiga gasar 1933. Ya ƙago tauraronsa, sannan ya jefa shi cikin yaƙe-yaƙen Kwantagora da Turawa na gaske. Ta haka ya sami damar zuzuta jarumi ba tare da ya sauya wanda ya ci yaƙin ba.

Mu da muka tashi a Shamaki, cikin Gombe, muna da namu abin rubutawa. Modibbo Buba Yero ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Gombe Abba, ya rasu a 1841. Mai son ƙaga labarin samartakarsa yana iya ƙago barada, da zantuka, da fargabar daren yaƙi. Amma suna, da shekara, da sakamakon yaƙi ba nasa ba ne, domin zuriyar waɗanda suka ci da ta waɗanda aka ci duk suna nan, kuma za su karanta.

Kammalawa

Shawarata ga ɗalibai ita ce, kafin a ɗauki alƙalami a tuntuɓi dattawa da littattafan tarihi, a ware abin da ya tabbata. Abin da ya rage bayan nan shi ne rabon ƙirƙira.