Layin Bas Na Musamman: Abin Da Kano Za Ta Koya Daga Ikko

Duk mutumin Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar da sha'ani ya taɓa kai shi Kano ya san cewa doguwar hanya ba ita ce wahalar tafiyar ba. Wahalar tana farawa ne bayan an sauka a 'Yankaba. Daga nan sai mutum ya shiga neman A Daidaita Sahu, ya sauka a wannan ya hau wancan, kafin ya kai Sabon Gari ko asibiti rana ta take, guzurinsa kuma ya tafi a kuɗin mota. Mai rakiyar majiyyaci da 'yar kasuwar da ke son komawa gida kafin dare su suka fi jin wannan a jikinsu.

Wannan ciwo ba na Kano kaɗai ba ne, kuma akwai maganin da wasu birane suka gwada. Ana ce masa BRT, watau a ware wa manyan motocin safa layinsu na kansu a kan titi, wanda wata mota ba ta shiga. Fasinja yakan biya kuɗi tun kafin ya hau, motar ba ta tsayawa sai a tasha, kuma ba ta jiran sai ta cika. Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ne ya fara wannan tsari a 1974, birnin Bogota na Kolambiya ya buɗe nasa a 2000.

A Nijeriya Ikko ce ta fara. Sai da gwamnatin jihar ta kafa hukumar tsara sufuri mai suna LAMATA da taimakon Bankin Duniya, aka yi shekaru ana shiri, sa'an nan a ranar 17 ga Maris 2008 Gwamna Babatunde Fashola ya buɗe layin farko mai tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Abin lura a nan shi ne, ba a kori direbobin da ke cin abinci a wannan hanya ba. An jawo ƙungiyar direbobi ta ƙasa, ta kafa ƙungiyar gama kai, ta karɓi rancen banki ta sayi motoci, 'ya'yanta suka zama direbobi da kwandastoci na sabon layin. Wanda ya kamata ya zama abokin gāba sai ya zama mai hannun jari. A 2015 aka ƙara layin ya kai Ikorodu.

To, yaya aka yi a Kano? A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo kekunan A Daidaita Sahu, musamman domin ɗaukar mata. A Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa saboda matsalar tsaro, sai dubban matasa suka koma kan keken, har ya zama shi ne ƙafar birnin. A 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kawo manyan motoci 100 da tasi 50 da sunan Kanawa, kuma a ƙarshen Nuwamban shekarar aka sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan hanyoyi, har da wadda ta nufi Gezawa, watau hanyarmu ta zuwa gida. Jama'a suka yi cirko-cirko a bakin titi, koke ya yi yawa, ba a jima ba gwamnati ta janye dokar.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Babbar mota da ba ta da layinta za ta maƙale a cunkoso ɗaya da keken da ke gabanta, ga ta ba ta iya kurɗawa, don haka fasinja zai gwammace keken. In kuma aka hana keke alhali motocin ba su isa ba, talaka ne zai taka da ƙafa. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Dole a fara ƙidaya mutanen da ke bin kowace hanya safe da yamma, a ware layi, a gina tasha, a tanadi garejin gyara da kayan gyara, a kuma zauna da masu keke a ba su aikin kwaso fasinja daga unguwanni zuwa tashoshin bas. Bayan kowane keke akwai iyalin da ke jiran cefane.

Maƙwabta ba su tsaya ba. Dar es Salam ta buɗe layinta a 2016. Dakar ta buɗe nata a 2024, kimanin kilomita 18, da motoci masu aiki da lantarki. A 2025 Jihar Kaduna ta ƙaddamar da aikin layi mai kilomita 24 daga Kawo zuwa Sabon Tasha da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa.

Gumel ba ta kai girman da za ta nemi irin wannan layi ba tukuna, amma duk wanda ya ga yadda tireloli da motocin dabbobi ke cika hanya ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya san garin yana buɗewa. Neman fili a titin da aka riga aka matse da gine-gine abu ne mai tsada. Da sauran dama a wurinmu. Ya kamata ƙaramar hukuma da masu unguwanni su hana cin bakin titi tun yanzu, su kuma keɓe filin tasha tun ba a yanka shi fuloti ba. Mu ma da muke gina shaguna, makarantu da wuraren sujada, mu ja baya kaɗan mu bar wa hanya haƙƙinta, domin 'ya'yanmu ne za su bi ta. Allah ya kiyaye hanya, amin.