Hukuncin Gama-gari a Birnin Stratholme

A cikin wasan kwamfuta mai suna Warcraft III, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, akwai wata mas'ala da har yau ma'abota wasan ke jayayya a kanta. Yarima Arthas, da ya isa Stratholme ya tarar an riga an raba wa talakawa hatsi mai ɗauke da annobar da ke mai da wanda ya ci shi gawa mai yi wa maƙiya yaƙi, sai ya yanke hukuncin a hallaka birnin baki ɗaya. Malaminsa Uther da abokiyarsa Jaina kuwa suka ƙi, suka juya masa baya.

Masu kare shi suna kafa hujja da larura, cewa ana ɗaukar ƙaramar mafsada don a kawar da babba. A ganina hujjar tana da rauni, domin bai tsaya ya tantance wanda ya ci da wanda bai ci ba, alhali fuƙaha'u ba sa halatta jini bisa zato, kuma Yarjejeniyar Jeniva ta huɗu, ta 1949, a sashe na 33, ta haramta hukunta mutum kan laifin da bai aikata ba. Wasan kuma bai bar wa mai yinsa zaɓi ba: shi zai rusa gidajen, ya kashe mutum 100 kafin aljani Mal'Ganis ya riga shi.