Kunne da Zato a Cinikin Lasifika

A Hotoro ma akan shanya batirin rediyo a rana. Wannan yana da dalili, gama ɗumi kan farfaɗo da shi kaɗan. Amma a Amurka, wajen 1990, masoya sauti sun riƙa shafa koriyar tawada a gefen faifan CD, wai murya ta ƙara fita. Da'awa ce ba hujja. A 2007 James Randi ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda kunnensa kaɗai zai rarrabe wayar lasifika ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba. Ba a yi gwajin ba, ba wanda ya karɓi ladan. To, wakilin da zai sayo wa masallaci lasifika da kuɗin jama'a, sai ya ba da baya, wani ya sauya wayar, kana ya biya.