Tsohuwar Na'urar Sauraron Waƙa da Sabuwar Kwamfuta

Duk wanda ya san Azare a ƙarshen shekarun 2000 zai tuna yadda 'yar na'urar MP3 da katin memori suka ture kaset gefe. Mutum ya kai katinsa wurin masu tura waƙa a kasuwa ko bakin tasha, a cika masa da Shata da Ɗanƙwairo da waƙoƙin fim, wani kuma tafsiri. Har yau irin waɗannan na'urori suna nan a gidajen ƙasar Katagum, kuma ɗalibin Hausa, ko na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ko na jami'ar jiha da ke Gadau, yakan buƙaci abin da ke cikinsu idan zai rubuta kundi a kan makaɗan baka. Matsalar ita ce sabuwar kwamfuta ba ta cika shiri da tsohuwar na'ura ba, kuma garin haɗa su ne ake asarar waƙoƙi.

Bari mu fara da iPod, domin nan haɗarin ya fi yawa. Kamfanin Apple ya fito da ita a 2001, ya daina ƙera ta a 2022. Manhajar iTunes ce ke zuba mata waƙa. A 2019 aka cire iTunes daga sababbin kwamfutocin Mac, aikin ya koma hannun Finder, a Windows kuwa manhajar Apple Devices ta zo a 2024. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne, an tsara iPod ta karɓi waƙa daga kwamfuta guda ɗaya, ba ta mayar ba. Idan aka jona ta da baƙuwar kwamfuta, saƙo yakan fito yana tambaya ko a goge abin da ke ciki a daidaita ta da sabon rumbu. Wanda ya amsa da "eh" ya share tarin shekaru cikin minti ɗaya. Don haka kwafi shi ne farko. A tsofaffin samfuri, a buɗe ta kamar filas, a sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun jakunkuna, a kwashe jakar iPod_Control gaba ɗaya. Sunayen fayilolin za su zo a hargitse, haruffa huɗu huɗu marasa ma'ana, amma sunan mawaƙi da na waƙa suna nan a jikin fayil, sabuwar manhaja za ta karanta su.

Ƙananan na'urorin nan 'yan China, waɗanda su ne suka fi yawa a wajenmu, ba su da wannan fitina: a kwafa, a zuba. Tasu matsalar ta kati ce. Ta farkon zamani ba ta gane katin da ya wuce gigabait 2, mai bi mata kuma iyakarta 32, saboda manyan katunan da suka fara fitowa a 2009 tsarin ajiyarsu daban ne. Sai mutum ya ɗauka na'urar ta mutu, alhali ƙaramin kati kawai take so. Haka nan muryar da aka turo ta WhatsApp ba MP3 ba ce, dole a juya ta tukuna, kuma manhajar VLC tana yin wannan kyauta.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu nazarin Hausa kai tsaye. Yawancin tsofaffin na'urori ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. A ganina gara a bar ingantaccen rubutu a rumbun kwamfuta, a yi wa na'ura nata kwafin da haruffa marasa lanƙwasa.

Katin da ya sha yawo a shagunan tura waƙa kuwa, sau da yawa yakan kwaso bairos mai ɓoye jakunkuna. Idan ya nuna babu komai amma ma'auninsa a cike yake, kada a yi gaggawar wanke shi, waƙoƙin suna ciki.